Yadda zaka buga tsohon DOOM a PlayStation, Xbox ko Switch ba tare da dodanni sun yi ta cinye ka ba

Tun kafin ka ɗauki hannun gem ɗin, ka ajiye duk abinda ka saba dashi a gem ɗin harbi na yanzu. A DOOM babu laɓewa bayan bango ka jira jini ya cika da kansa, babu tsalle, babu durƙuso, babu tsayawa loda bindiga, kai ko sama da ƙasa ma ba'a kallo. Ƙafarka ita ce kariyarka. Wanda ya iya tafiya zai gama gem ɗin nan ko da saitinsa ba wani mai kyau bane, wanda kuma ya tsaya waje ɗaya yana gyara saiti to kafin ya ankara an gama dashi. Duk abinda zan faɗa a ƙasa akan wannan ya ginu.

Fara da zaɓen wanda zaka buga. Kamfanin id Software ne ya fitar da DOOM a watan Disamba 1993 a kwamfuta, DOOM II ya biyo baya a 1994, daga nan aka yi ta kai shi na'urori daban-daban, Sega 32X da Atari Jaguar a 1994, Super Nintendo da PlayStation ta farko a 1995, har Game Boy Advance ya samu nashi a 2001. Ba duka ne iri ɗaya ba, na Jaguar babu kiɗa a cikin sitej, na Super Nintendo kuma dodannin kullum fuskarsu na kallonka kuma ƙasa da rufi babu zane. In na'urarka ta yanzu ce, PS4, PS5, Xbox One, Xbox Series ko Switch, abinda zaka nema shine DOOM + DOOM II wanda ya fito a watan Agusta 2024, Nightdive Studios suka gyara shi. A ciki akwai na ɗaya da na biyu, da TNT da Plutonia, da Master Levels, No Rest for the Living, Sigil, da sabon babi Legacy of Rust. Shi nake nufi a nan. Amma in ka taɓa samun damar buga na PlayStation ta farko kar ka bari ya wuce ka, sun sa fitilu masu kala sun kuma canja kiɗan zuwa wani irin sauti mai sanyaya jiki da Aubrey Hodges yayi, gaskiya ya fi na asali ban tsoro nesa ba kusa ba, sai dai shi da fasawod ake ci gaba ba'a sebin a tsakiyar sitej.

To ka buɗe, kar ka yi saurin danna New Game, shiga wajen saiti tukuna. Minti biyar ɗin da zaka ɓata a nan ya fi komai amfani.

Analog na hagu shine tafiya, gaba da baya da matsawa gefe, na dama shine juyawa. Harbi ka bar shi a R2, ko RT a Xbox, ko ZR a Switch. Ka tabbatar gudu a kunne yake kullum, ba sai ka riƙe wani madanni ba, domin tafiyar a hankali kusan bata da rana sai in kana bin siririyar gada akan guba. Sai saurin juyawa: ɗaga shi sama da yadda ka same shi. Gwajin mai sauƙi ne, ka shiga sitej na farko ka ture analog na dama har ƙarshe, in juyawa baya gaba ɗaya tana ɗaukarka lokaci har kana jin kamar kana jan kaya to ƙara, in kuma kana wuce ƙofar da kake son fuskanta to rage kaɗan. A gem ɗin nan bango na buɗewa a bayanka ba sallama, saboda haka saurin waiwaye ya fi daidaiton saiti muhimmanci. Madannin buɗe ƙofa da na canja makami su kasance inda babban yatsanka na dama ba zai daɗe da barin analog ba, ni na fi son canja makami a L1 da R1. Ka kuma gano madannin taswira tun yanzu.

Maganar sama da ƙasa kuwa gem ɗin ne ke yi maka. In dodo na kan tudu ko cikin rami, kai dai ka daidaita shi a tsakiyar allo ta hagu da dama ka harba, harsashin zai hau ko ya sauka da kansa. Shi yasa DOOM ya zauna daram a hannun gem fiye da yawancin ƴan uwansa.

Sai matakin wahala. Na asali guda 5 ne. I'm Too Young To Die yana ninka maka harsashi kuma rabin duka kawai kake ji, Hey Not Too Rough dodanni kaɗan ne, Hurt Me Plenty shine tsaka-tsaki, Ultra-Violence an cika ko'ina da dodanni, Nightmare kuma sun fi sauri sannan wanda ka kashe yana sake tashi. Shawarata ka fara da Hurt Me Plenty. Na ƙasa dashi suna barinka ka wuce ko kana tsaye kamar gunki, baka koyi komai ba kenan, sai ka je babi na biyu ka sha mamaki. Nightmare kuwa ka ƙyale shi kawai a yanzu.

Zaɓi babin farko, Knee-Deep in the Dead. Labarin gajere ne, kai soja ne a sansanin kamfanin UAC a Phobos, ɗaya daga cikin watannin duniyar Mars, gwajin ƙofofin teleport, masu ɗauke mutum daga wani waje zuwa wani nan take, ya ɓaci shaiɗanu sun shigo, kowa ya mutu saura kai da ƙaramar bindiga da harsashi 50.

Sitej na farko, Hangar, ka maida shi makaranta. Kana farawa ka juya hagu, akwai ɗaki mai matakala, a saman akwai koren sulke, ɗauka. Dawo ka bi ta ƙofa, ka wuce ɗakin kwamfutoci, zaka fito wani ɗaki mai hanya a karkace kamar zigzag da koren ruwa a gefe da gefe. Ruwan nan guba ne, yana cin jini in ka tsaya a ciki. Can nesa akan wani dandamali akwai Imp, dodo mai ruwan ƙasa da ƙayoyi a jiki, yana jifa da ƙwallon wuta. Kar ka kashe shi da wuri. Tsaya ka bari ya jefo, ka kalli wutar tana tahowa, sai ta kusa ka ɗan ture analog na hagu gefe ta wuce. Sake. Yi ta yi har hannunka ya daina firgita, har ka gane taku ɗaya ko biyu sun isa ba sai ka tsere zuwa ƙarshen ɗaki ba. Daga nan ka haɗa da harbi, kana matsawa hagu kana ɗan juya analog na dama zuwa dama don ya zauna a tsakiyar allo. A ƙarshen ɗakin nan ta hannun dama akwai bangon da kalarsa ta ɗan bambanta da sauran, danna madannin buɗe ƙofa a jikinsa, hanya ce zuwa filin waje inda shuɗin sulke yake a tsakiyar guba, shiga da gudu ka ɗauka ka fito. Sannan in ka je wajen ƙofar fita ka dawo baya zaka tarar dandamalin Imp ɗin nan ya sauka, akwai shotgan a ciki.

Wannan matsawa gefe tare da juyawa, in ka ci gaba da yi ba tsayawa, zaka ga kana zagaye dodon kamar an ɗaure ka da igiya shi kuma shine turken. Ita ce babbar dabarar DOOM gaba ɗaya. Duk abinda ya jefo yana faɗawa inda ka bari ne. A fili mai faɗi da ita zaka kashe Cyberdemon, dodon da ya fi kowa jini a gem ɗin, ba tare da ya taɓa ka ba, kuma sai ka iya ta ta ɓangaren biyu, hagu da dama, don wani lokaci bango ne ko guba a gefen da ka saba.

Amma fa ba kowa ake kaucewa ba, kuma nan ne sababbi ke rasa jini basu san dalili ba. Maƙiya kashi biyu ne. Akwai masu jifa, Imp da Cacodemon (jan dodo mai kama da ƙwallo dake shawagi a iska) da Baron of Hell (ƙaton dodo mai ƙaho), abinda suka jefo kana ganinsa yana tafiya. Akwai kuma masu bindiga, sojojin nan da suka koma gawa mai tafiya, mai ƙaramar bindiga da mai shotgan, a DOOM II kuma ga mai jan kaya mai chaingun, bindiga mai ruwan harsashi. Su harsashinsu baya tafiya a iska, suna harbawa ya same ka ko ya kuskure, shikenan. Ga su da raunin tsiya, na farko jininsa 20 ne mai shotgan 30, amma taronsu ya fi Baron hatsari. Saboda haka duk ɗakin da ka shiga su zaka fara kwantarwa, ko ka sa bango tsakaninka dasu. Kuma mai shotgan in ya faɗi yana yar da bindigarsa, harsashi ne kyauta. In kaji ana cin jininka baka ga mai yi ba, kalli fuskar sojan dake ƙasan allo, yana juyawa ɓangaren da dukan ya fito.

Makamai kuma kowanne da aikinsa. Shotgan ita ce abokiyar tafiya, tana watsa ƙwaya 7 a harbi ɗaya, a kusa tana iya kwantar da Imp lokaci guda, a nesa kuma ɓarna ce. Salon riƙe ta shine ka matso ka harba ka ja baya yayin da take gyara kanta, ka sake matsowa. Chaingun tana cin harsashi iri ɗaya da ƙaramar bindiga, amfaninta shine bata barin dodo ya numfasa, Cacodemon in ka riƙe masa wuta da ita da ƙyar zai samu ya tofo ko ɗaya. Ga wani sirri: in ka ɗan taɓa madannin ka saki maimakon riƙewa, harsashi biyun farko suna tafiya daidai ba watsuwa, da haka zaka ɗauke mai bindiga daga can nesa. Zarton inji don Pinky zaka ajiye shi, wannan dodon mai ruwan hoda mai katon baki da baya jifa sai cizo, ka tsaya a bakin ƙofa ko lungu yadda ɗaya ne kawai zai iso gabanka ka riƙe masa, ko harsashi ɗaya baka kashe ba. Roka kuwa tana kashe mai ita. Kar ka harba ta a lungu, kar ka harba in akwai Lost Soul a kusa, wannan ƙoƙon kan mai ci da wuta, don yana iya faɗowa gabanka daidai lokacin da ka danna. Kuma ka lura, duk sabon makamin da ka taka gem ɗin na canja maka zuwa gare shi kai tsaye, in roka ce kuma kana cikin faɗa to ɗaga yatsa tukuna. Bindigar Plasma ta lokacin da abu ya cakuɗe ce. BFG9000, babbar bindigar gem ɗin, tana shan sel 40 a harbi ɗaya (sel shine harsashinta ita da Plasma), kuma yawancin ɓarnarta ba koren ƙwallon bane, bayan ya fashe wasu haskoki 40 da ba'a gani suna fita daga jikinka kai zuwa ɓangaren da ka harba, shi yasa in ka matsa kusa da babban dodo take masa mummunan lahani.

Duro mai koren ruwa a ciki da kake gani a ko'ina shima makami ne, jira sai sun zo kusa dashi ka harbe shi. Kai dai kar faɗa ya same ka a gefensa.

Yanzu maganar kwasar kaya, a nan ake gane mai haƙuri. Jini baya dawowa da kansa, abinda ke ƙasa shine kawai rabonka a sitej ɗin. Ƙaramin akwatin magani 10 yake bayarwa, babba 25, kuma basa wuce 100. Kenan in jininka 92 ne ka taka babban, ka zubar da 17 a banza. Bar shi, ka tuna inda yake, zaka dawo kana nemansa. Ƙananan shuɗayen kwalabe ɗaya-ɗaya suke ƙarawa amma suna haurawa har 200, su kam kwashe duka. Shuɗin ƙwallo mai fuska a ciki yana ƙara 100. Koren sulke 100 ne yana tare kashi ɗaya cikin uku na duka, shuɗi 200 ne yana tare rabi. Harsashi ma akwai iyaka, 200 na ƙaramar bindiga, 50 na shotgan, roka 50, sel 300, jakar goyo tana ninka su duka. Baƙin akwati mai suna Berserk yana maida jininka 100 kuma naushinka ya ninka sau 10 har ƙarshen sitej ko da jan da allo yayi ya washe, to in ka gan shi kana da jini ka ajiye shi sai ka galabaita. Rigar guba sakan 60 take yi, kar ka saka sai ka san inda zaka. Ƙwallon dake sa ka zama kamar inuwa kuwa ni ban cika son shi ba in masu jifa ne a gabana, yana sa su jefa a karkace, sai ka kauce ka faɗa cikin wutar da da ta wuce ka. Akan masu bindiga dai yana da amfani sosai.

Yawancin sitej tsarinsu ɗaya ne, nemo makulli, shuɗi ko rawaya ko ja, buɗe ƙofar dake da kalarsa a gefe, nemo mafita. Amma in kaga makulli ko sabuwar bindiga a ajiye tsakiyar ɗaki, fitila na haska shi, ba kowa a wajen, to banza bata kai zomo kasuwa. Kana ɗauka bango zai buɗe ko wuta ta ɗauke. Kafin ka taka, cika jininka, riƙe shotgan ko chaingun, duba ta ina ka shigo, sannan ka ɗauka ka juya nan take ka nufi ƙofa. Faɗa a bakin ƙofa ya fi faɗa a tsakiyar ɗaki in wajen ƙarami ne, suna zuwa maka ɗaya bayan ɗaya. Ka sa kunne kuma, in da hali ka sa abin kunne ma, ƙarar ƙofa ko lif daga nesa bayan ka danna wani makunni tana gaya maka inda abu ya buɗe, gurnanin dodo kuma na gaya maka waye ya farka tun baka gan shi ba.

In ka ɓata, kuma zaka ɓata musamman daga sitej na huɗu zuwa sama, buɗe taswira. Layin rawaya yawanci ƙofa ce, nemi wadda babu komai a zane a bayanta, can ne baka shiga ba. Da ita ake farautar ɓoyayyun ɗakuna ma, in kaga wani fili a tsakanin ɗakuna biyu da babu bayaninsa je ka daddanna bangon. A Toxin Refinery, sitej na uku, akwai ɓoyayyar mafita dake kaiwa wani sitej na daban, Military Base. A ƙarshen kowane sitej za'a nuna maka kaso nawa ka kashe, nawa ka kwasa, sirri nawa ka gano, da lokacin da ake so a gama, na Hangar sakan 30 ne. Kar wannan lokacin ya dame ka a zagayen farko.

Abinda na fi so a gem ɗin nan kaf shine haɗa su faɗa. In jifan wani dodo ya samu wani da ba jinsinsu ɗaya ba, wanda aka samu zai manta da kai ya juya kan ɗan uwansa har sai ɗaya ya mutu. Imp da Imp basa yi, amma Imp da Pinky, Cacodemon da Baron, suna yi sosai, masu bindiga kuwa ko junansu ma harbewa suke. Yadda ake haɗawa shine ka zagaya har su jeru a layi, mai jifa a baya ɗayan a tsakiya kai a gaba, ka jira jifan ka zame. Da kaji sun kaure kar ka harbi ko ɗaya, ja gefe ka bar su, wanda ya rage ya riga ya jigata. A manyan matakan wahala harsashi baya isa sai da wannan.

Sebin kana iya yi a ko'ina, amma yi shi da tsari. Ajiye ɗaya a farkon kowane sitej kar ka taɓa shi, na biyu kuma ka riƙa sabunta shi bayan kowane makulli, kuma sai waje yayi shiru. Kar ka danne mai kyau da wanda jininka 9 ne ana binka. In ka mutu ka sake sitej ba tare da loda sebin ba, da ƙaramar bindiga kawai zaka tashi, duk makamanka sun tafi. Haka ma kowane sabon babi a DOOM na ɗaya daga ƙaramar bindiga ake farawa, ba matsala bace daga na'urarka.

Saura bosawa. Ƙarshen babin farko, Phobos Anomaly, Baron biyu ne a ɗaki mai siffar tauraro, kowanne jini 1000, suna jifa da koriyar wuta mai zafi amma bata da saurin da zata gagare ka. Ka iso da rokokinka, wajen 5 ko 6 kowanne, daga nesa, kana zagaye. Sun mutu bango zai sauka, ka taka teleport, zaka faɗa cikin duhu ana dukanka ta ko'ina, ba laifinka bane haka babin yake ƙarewa. Babi na biyu, The Shores of Hell, yana ƙarewa da Cyberdemon a Tower of Babel, jini 4000, yana harba roka uku-uku a jere kuma tun daga nesa kana jin takunsa. Fashewar roka bata yi masa komai sai wadda ta same shi a jiki, saboda haka zai ci sama da 40, wajen dai cike yake dasu. Share Lost Soul tukuna, sannan ka zagaye shi da tazara, ka ƙirga uku ka rama, kuma kar ka tsaya kusa da bango ko ginshiƙi don rokar da ta kuskure ka zata fashe a bayanka. Spider Mastermind ta ƙarshen babi na uku, Inferno, jininta 3000 amma ita bindiga gare ta, zagaye baya ceto, sai dai ka leƙo ka harba ka koma bayan gini, ko in ka samo BFG a babin ka ruga kusa da ita ka sake mata biyu ko uku.

Babi na huɗu, Thy Flesh Consumed, an ƙara shi ne a 1995 kuma sitej biyun farkonsa sun fi kusan komai a gem ɗin tsanani, gara ka tsallake zuwa DOOM II ka dawo masa daga baya. A DOOM II sitej 32 ne, 30 a jere da 2 ɓoyayyu, kuma makamanka na binka. Tun a na biyu, Underhalls, zaka samu shotgan mai baki biyu, harsashi 2 take ci ta watsa ƙwaya 20, ita zaka riƙe kusan koyaushe. Sababbin dodanni biyu ne zaka canja musu lissafi. Pain Elemental yana ta aman Lost Soul, shi ake fara kashewa. Arch-vile kuma, dogon nan siriri mai sauri, yana tada waɗanda ka kashe, in ya ɗaga hannu kaga wuta ta kama a jikinka to gudu a fili ba zai fishe ka ba, ka sa ginshiƙi ko kusurwar bango tsakaninku kafin ya haɗa hannayensa, harin ya lalace, sai ka fito da mai baki biyu kafin ya sake ɗagawa.